Abin da Ke Tsakanin Tsirkiya da Lasifika

A Maiduguri ba wanda za a gaya wa mece ce lasifika. Da ita ake tashinmu da asuba, da ita mai magani ke talla a bakin Kasuwar Monday, da ita ake wa'azi, ake ɗaurin aure, ake wushe-wushe har dare ya raba. Makirfo kuwa ko yaro ya san a hura masa iska a ce "halo, halo". Sai dai in ka tambayi mai riƙe da shi yadda maganarsa ke shiga waya ta fito can da ƙarfi, da wuya ka sami amsa.

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, ina kuma haɗa sauti a wuraren taro. Cikin kayan da ake kawo mini babu mai wahalar da masu shi kamar jitar katako, mai ciki da rami a tsakiya. Masu kaɗa ta a garin nan sun fi yadda ake zato yawa: mawaƙan majami'un EYN da COCIN, ɗaliban Jami'ar Maiduguri, samarin situdiyo, da waɗanda suka ga Bombino da Mdou Moctar na Nijar a waya suka kamu da son abin. Kukansu ɗaya ne. A ɗaki jita tana da zaƙi, da an jona ta da lasifika sai ta zama wata aba daban: ko ta bushe, ko ta yi gurnani, ko ta tsala ihu mutane su toshe kunne. Yawancinsu suna ɗora laifin kan lasifika, sai su haɗa kuɗi su hayo babba. Ita kuwa babbar lasifika abin da aka miƙa mata take ƙara wa ƙarfi, mai daɗi ne ko marar daɗi. Ɓarnar tun daga tushe take, a wurin da aka ɗebo sautin.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Ɗaura waya tsakanin ƙusoshi biyu a bangon siminti ka kaɗa, da ƙyar za ka ji ta, domin siririya ce, ratsa iska take yi, ba ta iya tura ta. Abin da ke ba jita amo shi ne tsirkiyoyinta shida sun hau kan wani siririn farin ƙashi, ƙashin yana zaune cikin jaki, jakin kuma manne yake da fuskar jita, allon katako da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. In aka ɗaure tsirkiyoyin ƙarfe daidai, jan da suke wa jakin ya kai nauyin kilo 70. Da ka taɓa ɗaya, motsinta zai bi ta ƙashi ya shiga jaki, jaki ya girgiza allo, allo ya tura iskar waje, iskar ciki kuma ta riƙa shiga da fita ta ramin tsakiya. Tsirkiya mafi kauri tana kai da komowa sau 82 a sakan guda, mafi siranta sau 330.

Ke nan wuri uku ake iya ɗebo sautin: a tsirkiya, a katako, ko a iska. Kowane wuri da na'urarsa, kuma kowace na'ura nata kaɗai take ji. Waɗanda ake maƙala wa jikin jita su ne makaɗa ke kira fikof. Na iska kuwa shi ne makirfo.

Fikof mai maganaɗisu shi ne tsoho a cikinsu. A 1831 Michael Faraday ya gano a Ingila cewa in ƙarfin maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, lantarki zai gudana cikin wayar. Da wannan ilimin janareta ke ba mu wuta, da shi kuma wannan fikof ke aiki. Ana naɗe maganaɗisu da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashin kai, naɗi dubbai, a ajiye shi ƙarƙashin tsirkiya. Tsirkiyar ƙarfe za ta ɗauki maganaɗisun, in ta kaɗa sai ta riƙa motsa shi, naɗin wayar ya haifi ɗan ƙaramin lantarki mai kai da komowa daidai da kaɗawarta. Amfilifaya ta karɓa ta ƙara masa ƙarfi. George Beauchamp da kamfanin da daga baya ya zama Rickenbacker ne suka fara sayar da jita mai irin wannan fikof a Amurka a 1932. Na jitar katako gajeriyar sanda ce da ake ɗamewa a bakin ramin tsakiya, ba sai an huda komai ba.

Kyawunsa shi ne ba ya saurin ihu, ko da ganguna na tashi a gefe. Aibinsa kuma ba ya jin katako sosai. Jita mai tsada da mai araha, in ka sa musu shi, bambancinsu kaɗan ne a lasifika, sautin ya fi karkata ga na jitar lantarki. Sannan abin da ba ƙarfe ba, bai san da zamansa ba. Wani saurayi ya taɓa shigowa shagona ransa a ɓace, ya ce, "Malam, mushe aka aiko mini daga Legas." Na duba jitar, tsirkiyoyinta na roba ne. Na jona fikof ɗin, na ƙwanƙwasa shi da bakin sukudireba, lasifika ta ce dum. Na ce masa, "Ƙanina, lafiyarsa lau. Tsirkiyarka ce ba ya gani." Ko a tsirkiyoyin ƙarfen ma akwai ɗan sirri. Huɗu masu kauri an naɗe su da tagulla, tagulla kuwa ba ruwanta da maganaɗisu, wayar ƙarfen da ke cikinta kaɗai ake ji. Shi ya sa sirara biyun ke fin sauran ƙara. Fikof mai kyau yana zuwa da ƙananan sukurori shida, ka nutsar da na sirara ka ɗago na masu kauri har su daidaita.

Babban abokin gabarsa a garin nan shi ne gurnanin wuta. Naɗin waya ba ya bambanta maganaɗisun tsirkiya da wanda ke fita daga taransifoma, fanka, cajar waya ko janareta. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, wannan juyawar ce kake ji tana "mmmm" ƙarƙashin kiɗa. Tun Janairun 2021 da aka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa mana ta hanyar Damaturu, garin ya yi watanni a duhu, kowa ya koma janareta da sola, kuma har yau yawancin taro da su ake yi. Ƙaramin janareta da ba a haɗa shi da ƙasa ba, da imbata mai araha, su ne suka fi ƙazantar da sauti. Maganin farko ya fito daga kamfanin Gibson a 1955, inda Seth Lover ya haɗa naɗi biyu, ɗaya na juya dama ɗaya hagu, maganaɗisunsu ma a juye. Gurnanin da ya shiga wannan sai ya kashe wanda ya shiga wancan, sautin tsirkiya kuma ya taru. In za ka saya, nemi mai naɗi biyu. Magani na biyu a hannun mai haɗa sauti yake: a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a jona kayan da ita, a kwarara mata ruwa, domin busasshen yashinmu ba ya karɓar wuta. Wannan ba don daɗin kiɗa kaɗai ba ne. Kayan da ba su da haɗin ƙasa suna iya jan mawaƙi a leɓe in ya taɓa makirfo hannunsa na kan tsirkiya.

Kada mai karatu ya ɗauka sai a masana'antar Turai ake iya wannan abu. A Kinshasa, Mingiedi Mawangu da ya kafa ƙungiyar Konono No. 1 da hannunsa ya naɗa fikof daga maganaɗisun tsofaffin kayan mota, ya sa wa likembe, abin kiɗansu mai harsunan ƙarfe, don hayaniyar birni kada ta danne shi. Da wannan sauti ƙungiyar ta zagaya duniya.

Fikof na biyu shi ne fiyezo, kuma shi ne a cikin mafi yawan jitocin da ke da ɗan akwatin maɓallai a gefe. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu ƙyalli da in aka matse su sai su fitar da lantarki. Duk mai kunna gas da laita mai ƙyas ya riƙe irin wannan dutse a hannunsa: ɗan guduma ne a ciki ke bugunsa, ya yi tartsatsi. A jita, siririn zare ne na wannan sinadari ake shimfiɗawa cikin ramin jaki, a ɗora farin ƙashi a kansa. Tsirkiya na kaɗawa, nauyin da ke kan ƙashin na ƙaruwa yana raguwa, fiyezo na mayar da wannan matsi lantarki. Kamfanin Ovation na Amurka ne ya yayata shi a farkon shekarun 1970, Takamine na Japan ya biyo baya. Tunda matsi yake ji, ba ruwansa da ko tsirkiyar ƙarfe ce ko ta roba.

A nan ne yawancin kukan da ake kawo mini yake. Fiyezo yana zaune a daidai ƙofar da motsi ke bi kafin ya shiga katako, don haka yana jin bugun ɗanye, katako bai riga ya tausasa shi ba. In makaɗi ya kai hannu da ƙarfi sai ka ji wani ƙwas-ƙwas mai kaifi. Wannan halinsa ne, ana rage shi da sassauta hannu da rage maɓallin sautin tsakiya da na sama a akwatin, amma ba ya ɓacewa gaba ɗaya.

Bushewar da ta fi muni kuwa daga jonawa take. Lantarkin fiyezo kamar ruwan siririn tiyo ne: yana da tsartuwa, amma ba shi da yawa. In ka buɗe shi cikin ƙaton bututu, tsartuwar ta mutu nan take. Ramin layi na miksa, wato na'urar da ake haɗa sautuka a cikinta, irin wannan bututun ne, tirjiyarsa wajen om 10,000 ce, alhali fiyezo na buƙatar ramin da tirjiyarsa ta kai om miliyan 1 ko fiye. In aka jona shi kai tsaye, kaurin sautin ne ke fara zubewa, a bar ka da ƙarar gwangwani. Doguwar waya kuma ta ƙara rage masa ƙarfi ta kwaso ƙazanta a hanya. Aikin ɗan akwatin nan na gefen jita ke nan: ƙaramar amfilifaya ce mai batir na bolt 9, tana karɓar lantarkin fiyezo yadda yake so, ta miƙa wa miksa yadda ita ma take so. Jitar da ba ta da shi, sai a sa mata na waje, kusa da ita, da gajerar waya. In kuma miksa na can nesa a ƙarshen zaure, a bi ta akwatin da muke kira di'ai, mai mayar da sautin kan waya mai ƙafa uku irin ta makirfo, wadda ke kashe gurnanin da ta kwaso da kanta.

Abu biyu game da batir da nake so kowane mai jita ya riƙe. Ramin da kake cusa waya shi ne makunnin akwatin. In ka gama kiɗa ka bar wayar a ciki, batir na ci har gari ya waye. Sannan batir in ya yi rauni ba ɗif yake yi ba, sautin ne ke fara tsagewa duk lokacin da ka buga da ƙarfi. Na sha ganin an kwance jita ana neman cuta a fikof, alhali batir ne. Wanda aka manta a ciki kuwa, zafin garin nan kan sa ya yi yoyo ya cinye ƙarafan akwatin.

Sai hunturu. Jita ana ƙera ta ne a inda danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A nan, in iskar hunturu ta kankama, yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Allon fuska ya tsotse ya lotsa, ramin jaki ya ɗan karkace, ƙura ta sami hanya. Fiyezo kuwa sai ƙashi ya zauna a kansa daram daga wannan gefe zuwa wancan. Da an sami ɗan gibi, tsirkiyar da ke saman gibin za ta yi shiru a lasifika, sauran na magana. Gyaran ba wuya: a sassauta tsirkiyoyi, a zare ƙashi, a share ramin, a shimfiɗa samfefa kan gilashi a goga gindin ƙashin a hankali har ya miƙe sak. Rigakafi kuma shi ne soso mai ɗan laima cikin gwangwanin sabulu mai huji, a ajiye a jakar jita. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kada a bar ta cikin mota ko jingine da bangon kwano, gam ɗin jaki na saki.

Akwai wani nau'in fiyezo, ɗan faifai mai faɗin kwabo, da ake mannawa a jikin allon. Shi motsin katako yake ji, don haka sautinsa ya fi kama da jita, amma ya fi saurin ihu, kuma duk inda hannu ya goga zai faɗa.

Makirfo ne kaɗai ke jin abin da kunne ke ji: tsirkiya, katako, iskar ciki, har da ɗakin. Wanda muka saba gani a masallaci da biki, dainamik, lasifika ce aka juya. Iska ta bugi siririyar fata, fatar ta motsa naɗin waya cikin maganaɗisu, lantarki ya fito. Ba ya son batir, yana jure faɗuwa da ƙura. Shure SM57 na 1965 da SM58 na 1966 su ne shahararrun wannan gida, shi ya sa jabunsu ya cika kasuwa. Ɗayan nau'in, kondensa, wanda E. C. Wente ya ƙirƙiro a 1916, fatarsa ta fi siranta nesa ba kusa ba, tana tsaye gab da wani faranti, lantarki na tsakaninsu. Yana jin har gogar yatsa a kan tsirkiya. Sai an ba shi wuta, yawanci bolt 48 daga wani maɓalli a miksa, kuma wanda bai san maɓallin ba zai rantse makirfon ya mutu. A 1962 Gerhard Sessler da James West suka fito da ƙaninsa mai araha wanda fatarsa ke riƙe da cajinta, shi ne a cikin ƙananan rikoda da makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, shi ake kuma sa wa cikin wasu jitoci a gauraya da fiyezo.

Kowa in ka ba shi makirfo, ramin tsakiya yake nufa da shi. Nan ne wuri mafi muni. Iskar cikin jita tana da nata amo mai kauri, wajen kaɗawa 100 a sakan, kuma ta ramin take fita, sai ka ji bum-bum ya rufe komai. A nufi inda wuya ya haɗu da jiki, wajen gaɓa ta 12 zuwa ta 14, a ba da tazarar ɗani guda, kamar santimita 20. Wanda ke son tabbatarwa ya toshe kunne ɗaya, ya zagaya da ɗayan a gaban jitar ana kaɗawa. Inda ya ji ta fi daɗi, nan zai kafa makirfo.

Ihun da ke korar mutane kuwa zagaye ne. Sauti ya fita daga lasifika ya koma makirfo, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fita ya sake komowa, kafin ƙiftawar ido ya zama tsuwwa. Jitar katako ta fi kowa shiga wannan tarko, domin allon da aka yi don ya tura iska, iska ma na iya tura shi. Zaurukanmu masu rufin kwano da daɓen tayil suna ƙara rura abin. Lasifika ta kasance gaban makaɗa, ta ba su baya. Yawancin makirfon taro kurame ne ta bayansu, to bayan ya fuskanci lasifika. Sanƙira da mawaƙi su daina dunƙule kan makirfo cikin tafin hannu, domin ramukan da suke toshewa su ne ke kurmantar da bayan. Ita kuma jita a toshe raminta da murfin roba, in akwatinta na da maɓallin juya sauti a danna a gwada.

In ka tambaye ni wanne za ka saya, zan tambaye ka inda za ka kaɗa. A situdiyo ko ɗakin rediyo mai shiru, kondensa, ba na haɗa shi da komai. A majami'a ko zaure mai ganguna da fiyano, fiyezo mai akwati mai kyau, ko mai maganaɗisu mai naɗi biyu in tsirkiyar ƙarfe ce. A fili, inda iska ke kaɗawa janareta na ruri, makirfo a kan jita wahala ce kawai.

Abin da ya fi damuna ma ba jita ba ce. Je ka biki ka gani. Mai fiyano da mai kwamfuta waya ɗaya suke cusawa, sautinsu ya cika unguwa. Mai gurmi ko garaya ko goge kuwa makirfo ɗaya ake miƙa masa, ya raba tsakanin bakinsa da kayan kiɗansa, in ya ɗaga a ji murya, in ya sauke a ji tsirkiya. Sai matasa su ce kiɗan gargajiya ba ya tashi. Yaya zai tashi, ba a ba shi hanya ba? Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya a kan gwangwani da fata, ya shiga kowane gida a Arewa ne saboda a gidajen rediyo an iya kafa masa makirfo. Marigayi Malam Mamman Barka na Nijar ya ɗauki biram, abin kiɗan Buduma na Tafkin Chadi mai tsirkiya biyar, ya kai shi dandamalin Turai. A Mali, Bassekou Kouyaté ya sa wa ngoni fikof, ɗan'uwan molonmu ne, ya miƙe tsaye da shi a gaban dubban mutane, ba wanda ya danne shi.

Goge tsagiyar doki ce a kan ƙwarya da fatar guza, maganaɗisu ba zai ji ta ba. Amma faifan fiyezo zai ji. Na gwada a gurmi da goge: a manna shi a fata kusa da ƙafar jaki, ba ƙarƙashinta ba, a matsa da shi kaɗan-kaɗan har a sami inda ƙwaryar ke magana, a lulluɓe wayarsa, a bi da shi ta ƙaramar amfilifaya. Faifan nan ana samunsa cikin matattun agogon ƙararrawa da kayan wasan yara. Amfilifayar kuma taransista ɗaya ce, da 'yan resisto, da kafasito, da batir.

Don haka kirana ga abokan sana'ata masu ba da hayar kayan sauti: in makaɗin gargajiya ya hau dandamalinku, ku ba shi makirfo biyu, ɗaya na baki ɗaya na tsirkiya, ku tsaya ku saita masa kamar yadda kuke wa mai fiyano. Ɗaliban lantarki na Kwalejin Ramat da na jami'a kuma, masu neman aikin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gida: ku ƙera fikof mai araha da zai zauna a gurmi, garaya da goge, ya jure ƙura da zafin Maiduguri, ku kai wa makaɗan su gwada.